Kilomita Biyu da Rabi

"Mota ta yi tafiyar kilomita biyu da rabi. Mita nawa ke nan?" Baba ya tambaya, yana ƙwanƙwasa bakin gado da biro.

"Biyu da rabi," in ji Auta.

"Ke dai ƙwaƙwalwar kifi gare ki! Mita aka tambaya, ba kilomita ba. Ki ninka da dubu! Haka za ki shiga jarrabawa gobe?"

"Dubu biyu da ɗari biyar, Baba."

"Yauwa, Autata." Ya shafa kanta.

Ta fito tana share hawaye. Mijinta na tsaye a bakin ƙofa.

"Ke da kike koyar da lissafi a jami'a, kullum tambayar nan sai ta kayar da ke?"

Ta ja ɗankwali ta rufe furfurarta.

"Tun da mantuwa ta kama shi, sau ɗaya na amsa daidai tun da farko. Kallona ya yi ya ce, 'Sannu baiwar Allah, wa kike nema?' Sai na yi kuskure yake tuna ni 'yarsa ce."