Kuɓewar Kaka a Kan Sola

Da Baba ya bar soja ya dawo Zuru, sai ya sayar da janareta, ya kafa farantin sola a tsakar gida yana yi wa mutane cajin waya. Wata rana da la'asar wayoyi suka ƙi cika, ga masu su suna jira. Muka duba, ashe Kaka ce ta shanya kuɓewa a kan farantin.

"Mama, wutar kika rufe," in ji Baba.

"Ranar taka ce kai kaɗai?" ta ce.

Ya yi dariya, ya shimfiɗa mata tabarma, muka kwashe tare.

Yau sola ke juya injin niƙana, kuma har gobe ina bar wa masu shanya rabonsu na rana.