Agogon Shef Hamadu

Shef Hamadu, babban ma'aikacin gwamnati a Garwa, ya dangwarar da agogonsa a teburin Ayuba mai gyara. Lambar yabon ƙwazo sai ƙyalli take yi a ƙirjin Shef.

"Kullum sai ya tsaya. Ga takardarsa daga ƙasar Suwis, kwana goma sha biyar ana gwada shi kafin a buga hatimi. Ko turawan ma sun koyi lalaci irin naku?"

Ayuba ya girgiza agogon, ya kara a kunne, ya ce a ba shi mako guda.

Da Shef ya dawo, suka gwada da lokacin labaran rediyo. Daidai wa daida.

"Me ka canja a ciki?"

"Ko buɗe shi ban yi ba, ranka ya daɗe. Irin wannan ba a wana shi, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Aron hannu kawai na nemo masa."

"Hannun wa?"

"Usmanu mai shara, wanda kuka kora watan jiya saboda lalaci. Ko sau ɗaya bai tsaya ba."