Motar da Tizhe Ya Ƙara wa Numfashi

Tizhe yana kwance ƙarƙashin wata akori-kura, yana fama da noti, sai ya ga takalman Abdulƙadiri sun tsaya kusa da kansa. Jami'in kwastan ne, sabon zuwa Mubi, kuma ba gaisuwa ta kawo shi ba.

A 1971 babu wanda bai san labarin baƙar mota ba. Takan fita gari da rana tsaka, maƙare da atamfa da sukari, ta kama hanyar Sahuda zuwa iyakar Kamaru, direbanta ya naɗe fuska da rawani. Motar kwastan takan bi ta har gindin hawa, daga nan sai dai ta ga ƙura.

Abdulƙadiri ya ce ga tsohuwar motarsa ta kansa ya kawo, yana so a sa ta kamo waccan. Ya ƙara da cewa ana magana a gari: motar da ke gudu haka ba ta rasa makaniki, kuma sunan mutum ɗaya ake ta kira.

"Ko da ido ban taɓa ganinta ba, Yallaɓai," in ji Tizhe.

"To, taimake ni mu gan ta tare."

Tizhe ya gane abin da ake nufi. In ba a kama ta ba, shi za a kama.

Ya buɗe injin ya daɗe yana kallo. Ƙalau yake, numfashi ne kawai ya yi masa kaɗan. A bayan garejin akwai mataccen injin gireda, nan ya ciro bulowa, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi. Ya ƙera mata ƙafafu, ya haɗa ta da fambel, ya ja bututu daga bakinta zuwa kafireto. Ya faɗaɗa ƙofofin mai, don iska mai yawa da mai kaɗan fistan take narkarwa.

Kamar kullum, matarsa Liyatu ce ke zama a kan sitiyari tana taka masa totur yayin da yake saiti. Tun suna sabon aure ya koya mata tuƙi, kuma ƙafarta ba ta rawa. Sai dai aikin ya riƙa tsayawa, domin takan tafi Maiha duba mahaifiyarta da ke jinya.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Motar ta zabura kamar an tsikare ta, amma a tsakiyar hawa injin ya fara ƙwanƙwasa, bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Iskar da aka matse ce ke ɗumama, tana kunna mai kafin lokacinsa. Tizhe ya samo ƙaramin lagireto ya fara gyara shi, don iskar ta bi ta ciki ta huce kafin ta isa kafireto.

Liyatu ta tsaya a kansa tana kallo. Ta tambaye shi me zai faru in bai sa wannan ba. Ya ce motar za ta yi gudu a fili, ta mutu a kan dutse.

"Ka bar ta haka mana, Baban Kwaji. Ka yi iya ƙoƙarinka."

Ya ce mata in motar ta mutu a kan dutse, a kurkuku yaransu za su riƙa ziyartarsa. Ta ɗauke kwanon abincinsa ta shiga gida.

Ranar da labari ya zo cewa baƙar mota ta yi lodi, Abdulƙadiri ya dage sai Tizhe ya shiga gaba, ko injin zai buƙaci hannu. Suka laɓe bayan wata tsamiya a bakin hanya. Rana ta take. Rigar Tizhe ta jiƙe.

Sai ga baƙar motar, ta wuce su fuu. Abdulƙadiri ya taka. Bulowar ta ɗauki kuka siriri, kujera ta manne wa bayan Tizhe. Gonakin dawa suka riƙa wucewa ta gefe. A fili tazarar ba ta ragu ba, amma da aka fara hawa, baƙar mota ta soma nauyi da kayanta, tasu kuwa ko gezau.

Idon Tizhe na kan allurar zafi. Ta hau, ta hau, ta tsaya. Direban gaba yana yanka kwana da tsafta, ba ya ɓarnar birki, har Tizhe ya ji yana yaba masa a ransa. Can sama tutar iyaka ta bayyana. Abdulƙadiri ya fara ɗaga ƙafa, yana tsoron injin zai fashe.

"Kada ka saki, Yallaɓai. Zai ɗauka. Taka."

Ya taka. Suka jera da baƙar motar a kwanar ƙarshe, suka matse ta gefe. Tayarta ta faɗa kwalbati, ta tsaya cak, hayaƙi na tashi daga gabanta.

Tizhe ya fito zuciyarsa wasai. Sunansa ya wanku. Abdulƙadiri ya fizge ƙofar, ya umarci direban ya fito. Direban ya fito a hankali, hannu ɗaya dafe da goshi inda jini ke zuba, bai ko dubi jami'in ba.

Idon direban na kan Tizhe. Ya sa hannu ya warware rawanin da kansa, sai ga kitson Liyatu.