Doki Ɗaya da Rabi

Tun shekarar da zafi ya hana gero tsiro a fili, hukuma ta yanka wa kowane gida sanyin iyakwandishan mai ƙarfin doki biyu, ko ɗigo ba ƙari. Ɗaya na ɗakina, ɗaya na ɗakin matata Tabawa, wadda ciwon ƙashi ya kwantar. Man wiwi kaɗai ke sa ta runtsa, sai likita ya ba ni takardar noma wiwi tukunya takwas a wani ɗaki. Ga shi ganyen ya fara lanƙwashewa saboda zafi.

Da sassafe, kafin ƙarar hana fita cikin rana, na isa shagon Sadisu mai iyakwandishan. Ya ji faɗin ɗakin tukwanen, ya ce, "Baba, sai mai doki ɗaya da rabi."

Na ce, "Shekara talatin ina dillancin dabbobi, rabin doki mushe ne."

Ya yi dariya. "Kowane gida da lissafinsa. Rabi zai rage muku, ɗaki guda zai riƙe da ƙyar."

"Ka sa wa Hajiya."

Dariyar ta ɗauke. "Kai fa, Baba? Tsofaffi uku muka binne a layinku bara saboda zafi."

Na kara kunne a jikin injin da ya kunna mini kamar yadda nake sauraron numfashin ingarma. Ba ya haki.

Na ce, "Ɗaura shi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ni da na kori 'yan wiwi daga unguwa da dorina, yau tsakanin tukwanenta zan shimfiɗa tabarmata. Manomin kirki ba ya kwana nesa da gonarsa."