Layuka Biyu a Zanensa

Yana ɗora bakin mitar gwajin lantarki a kan layi na biyu na allon, ya ga inda matsalar take.

Shi ya zana allon lantarkin nan, wanda zai haɗa na'urorin auna danshin shinkafa guda huɗu da kwamfutar wata ƙungiyar manoma a Argungu. Abokiyar aikinsa ta shekara shida ita ta liƙa kayan da dalma. Ranar gwaji, kwamfuta ta ƙi ganin allon. Ya canza waya, ya canza kwamfuta, shiru kake ji. Da kunya ta kama shi a gaban dattawan ƙungiya, sai ya ce hannunta ne ya yi rawa. Ta ɗauki jakarta, ta shiga motar Birnin Kebbi.

Kwana uku ke nan, sai yanzu mita ta nuna masa gaskiya. Layukan saƙo biyu ne suka yi musayar wuri tun a zanensa, liƙinta kuwa ba shi da aibu ko ɗaya.

Ya same ta a gidansu da ke Gesse, dawowarta daga coci ke nan. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Laifina ne," ya ce. "Ni na juya layukan."

"Na sani, Injiniya. Tun ranar da anka kawo allon na nuna maka. Ka ce in bar zane ga masu zane."

Ya tuna. Har dariya ya yi a ranar.

"Ki yi haƙuri, don Allah. Ki dawo shago gobe."



"A Argungu ka ɓata ni, gaban mutane," ta ce. "Can za ka je ka faɗi wannan."