Ɗan Wasan Tela Mai Ƙafa Babu Hannu

Alhaji Sabitu, ka ce direban da za ka damƙa wa sabuwar motarka yana zuwa Legas daga Kano a yini guda, kuma iyakar abin da ka bincika a kansa ke nan. To, saurari abin da ya sami wani tela, don ni har yau in na tuna sai na riƙe baki.

Telolin wani layi a kasuwa sun haɗu a kan wani wasan waya, irin ƙwallon nan ta Amurka mai siffar gwanda, wadda ake jifa da hannu. Kowa yana rainon ɗan wasa guda, a haɗa su ƙungiya, a kara da mutanen wasu garuruwa ta intanet. Na telan nan aikinsa ɗaya ne: ya sheƙa da gudu, a jefo masa ƙwallo, ya cafe. Kullum wasan yana ba mutum maki biyar na horo, ya zuba inda ya ga dama, ko ƙafa, ko hannu, ko ƙarfin jiki. Gogan naka kuwa duk a ƙafa yake juyewa, saboda lambar gudu ce ke fitowa a gaban hoton ɗan wasa, ta hannu sai an shiga ciki an tona. Wata bakwai yana haka. Gudu ya kai casa'in da tara, hannu yana nan a goma sha biyu yadda ya same shi. Ya sani sarai, ya ja bakinsa ya yi shiru. Abin kuma ya yi ta yi masa kyau, don duk ƙungiyar da ta ga casa'in da tara sai ta sa mutum biyu su tsare ɗan wasansa, sauran telolin su sami fili su yi ta ci. Haka suka kai wasan ƙarshe na kofi ba a taɓa jefa masa ƙwallo ba. Tela ya zama ɗan gaban goshi, har kan keken ɗinkinsa ake kawo masa shayi.

Ranar kofi, bayan La'asar, aka rufe kekuna aka taru a rumfa ɗaya. Mai ƙungiyar da za su kara da ita wata mai sayar da atamfa ce a Jos, irin waɗanda ba sa karɓar kaya sai sun warware sun duba ciki. Ta shiga shafin ciki na ɗan wasan tela, ta ga hannu goma sha biyu, ta janye masu tsaronsa ta mayar da su kan sauran. Sai ga ɗan wasan tela shi kaɗai a fili fetal. Shugaban telolin ya daka tsalle ya ce, "Matar nan ta zautu! A ba shi!" Aka jefa. Ƙwallo ta daki ƙirjinsa ta faɗi ƙasa. Wani ya ce ƙila sabis ɗin waya ne. Aka sake jefawa, ta zurare ta tsakanin yatsunsa. Ta ukun, ana dab da tashi, yana tsaye a kan layin ci, ta buge shi a kafaɗa ta faɗa hannun abokin gaba. Shugaba ya karɓi wayar tela, ya buɗe shafin ciki, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar ta zagaye rumfar hannu zuwa hannu, kowa ya ga goma sha biyun da idonsa. Kofi ya tafi Jos, aka cire tela daga ƙungiya a take, ga shi kuma a tsakiyarsu kekensa yake, dole gobe ya zo ya zauna.

Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.