Tafkin Haliru

Tun kafin a kai gadar katako gwiwar Saudatu ta fara ƙorafi. Ta san halin abarta: ta hagu ce ke fara magana, sai ta dama ta amsa mata. Shekararta hamsin da biyu, sha tara daga ciki a Doha ta yi su, inda tudun da ya fi wahalar da ita shi ne matakalar gidansu na unguwar Al Gharrafa. Yau ga hanyar dutse miƙe a gabanta, ga takalmin mijinta a ƙafarta, ta cusa masa safa biyu don kada ya fita.

"Yalla, mu je, Maman Hafiz, saura kaɗan," in ji mijin nata, Haliru.

Ƙarya yake yi, kuma ta sani. Da sauran awa ɗaya da rabi. Ba ta ganin fuskarsa, sai inuwarsa a kan duwatsu da sautin numfashinsa, kuma ko sau ɗaya bai tsaya jiranta ba.

Duk wannan wahala a kan tafki ɗaya ce, can ƙololuwar wani gandun daji na gwamnati a wata ƙasa mai sanyi, inda ƙanƙarar kan dutse ke narkewa tana taruwa. Haliru injiniyan gas ne, mutum mai tsadar magana, amma tun da ya hau wurin bara da abokan aikinsa bakinsa bai huta ba. Ita a lokacin cewa ta yi me ta ajiye a kan dutse. Da ya dawo ya yi ta roƙonta ta gani, tana cewa sai an jima, sai an jima, har ya gaji ya daina roƙo.

Wannan ne yunƙurinta na tara. Sau takwas tana sarewa a kan gadar nan, ta zauna tana haki tana jin haushin kanta. Ta riga ta rantse ba za ta sa tafkin a ido ba sai ƙafarta ce ta kai ta. Kuma yau ce ranar ƙarshe, domin jibi jirginta zai tashi zuwa Kano, ba dawowa.

A kan gadar Haliru ya leƙa ruwan da ke gudu a ƙasa, ya ce wanda ya yi alwala da wannan ai ladansa biyu ne. Leɓenta ya motsa tare da muryarsa har ƙarshen zancen. Ba ta yi dariya ba, ta ƙanƙame hannu biyu ta ci gaba da ɗaga ƙafa.

Daga nan komai sabo ne a wurinta. Itatuwa suka ƙare, sai tsakuwa da ciyawa gajera. Sanyi na bugun ƙeyarta, gumi kuma na zuba cikin idonta, sa'arta ɗaya ta daɗe rabonta da kwalli. Ta yi ta mita. Ta ce masa mutum da furfurarsa ya rasa abin so sai dutse. Ta ce ko raƙuman Umm Salal, can bayan Doha, sun fi shi hankali, su ba sa hawa inda ba abinci. Shekara ashirin da takwas suna tare, dama ba ya amsa mita.

Can wajen wani ƙaton dutse mai tsaga ya tsaya. Numfashinsa ya sauya, ya koma gajere, yana fita da ƙyar. Inuwarsa ta duƙa, hannu ɗaya ya dafe ƙirji, ya shafa har zuwa kafaɗar hagu. Ya yi 'yar dariya ya ce ba komai, kifin jiya ne bai zauna masa ba.

Saudatu ta yi shekara goma sha biyu tana jinyar masu ciwon zuciya a Kano kafin su taho Doha. Ko cikin barci ta ji numfashin nan ta san shi.

"Ba kifi ba ne," ta ce. "Malam, ba kifi ba ne. Ka je asibiti."

Ya gyara jakarsa ya ci gaba da hawa.

Ta so ta tsaya a nan. Gaskiya ta gaji, irin gajiyar da ba ta gwiwa kaɗai ba. Amma ta bi shi, taku bayan taku, tana kuka tana ƙirga numfashinsa kamar yadda aka koya mata, har ta daina jin ƙafafunta.

Sai ga tafkin. Kore ne mai shuɗi-shuɗi, shiru kamar ruwan randa, farar ƙanƙara ta sauko har bakinsa. Ashe bai yi ƙari ba. Haushin da ya kama ta ke nan, da ma ya yi ƙari.

A nan ya juyo, ta ga fuskarsa a karon farko tun safe, leɓensa ya yi fari, yana murmushi. Tun da aka haifi Hafiz bai ƙara kiran sunanta ba, kunya ba ta barinsa ko su biyu ne a ɗaki.

"Saudatu," ya ce. "Kin gani? Baɗi da ke za mu zo, ko goya ki zan yi."

Ta miƙa hannu, yatsunta suka taɓa gilashi. Ta danna jan maɓalli, injin motsa jikin da take takawa ya tsaya a ƙarƙashin ƙafarta, ya rage sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da kwalayen kaya jere a falo. Fuskar Haliru ta daskare a talabijin, a ƙarshen bidiyon da ta ƙi kallo yana raye, wanda ya ɗauko mata bara, wata bakwai kafin zuciyarsa ta tsaya, kuma gobe take fita takaba.